Motar da Ke Gajiya a Hanyar Dawowa

Ciwon motar Kawu yana da lokacinsa, yana kuma da wurinsa. Ba ta taɓa yi masa gardama da safe ba. Ranar Juma'a zai fito daga gidansa da ke wajen garin Balan, ya ratsa hanyar rairayin da ta haɗa unguwarsu da titi, ya hau kwalta ya miƙe har kasuwar Wudil ba tare da ta yi ko tari ba. Sai a dawowa. An sauko daga masallaci, an gama ciniki, an loda buhunan dusa da na taki. A kan kwalta tana tafiya yadda ta saba. Da ya sauka daga titi ya shiga rairayi, sai ta fara nauyi. Kafin ya kai wata tsohuwar tsamiya da ke bakin hanya, inji na kuka, ƙafarsa na kan totur, motar kuwa ta koma jan ciki. Dole ya raɓa inuwa ya kashe ta. Idan ya ɗauko buta ya yi alwala, ya sallaci la'asar, ya ɗan ja carbi, sai ya tayar da ita ta ƙarasa gida lafiya ƙalau.

Abin ya maimaitu har ya zama zancen majalisa. Wasu suka ce a dubi inda take tsayawa, domin tsamiya ba bishiyar wasa ba ce a wurin mutanenmu. Direbobin tasha suka ce maganar gajera ce: otomatik ba motar ƙauye ba ce, duk wanda ya cire wa 504 giyar da aka haife ta da ita shi ya sayo wa kansa wahala. Kawu bai karɓi magana ta farko ba, amma tambayar da ke cikinta ta tsaya masa a rai, kuma tambaya ce mai kyau. Me ya sa a nan, ba gaba ba, ba baya ba? Magana ta biyu ce ta fi yi masa ciwo, don idan ta tabbata, shi da tuƙi sun yi sallama ke nan.

Gwiwarsa ta hagu ce ta jawo zancen otomatik tun farko. Ciwon gaɓɓai ya kama ta, har ta kai idan ya yini yana taka kuloci a cunkoson kasuwa sai ya kwana ana shafa masa man zafi. 'Ya'yansa suka ce a sayar da tsohuwar a haɗa kuɗi a sayo masa ƙaramar 'yar Kwatano. Ya ce a'a. Peugeot 504 ce ƙirar Kaduna, da bashin mota ya saye ta tun yana hedimasta, ita ta kai matarsa asibiti ranar haihuwar autansu, ita ta ɗauko yawancin amaren gidan. A Faransa aka fito da irinta a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, amma a ƙasar nan ta yi gida. Kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa a Kakuri ta Kaduna a 1975, shekarar da 504 ta lashe tseren Safari a Kenya. Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗu a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A lokacin ita ce motar ofis, ita ce tasi, ita ce motar asibiti. Mutum irin Kawu ba ya kallon ta a matsayin ƙarfe.

Sai dai abin da ya nema baibai yake da abin da aka saba a garejojinmu. Abin da aka fi gani a Kano shi ne a sayo mota mai otomatik, giyar ta ɗan nuna gajiya, a sauke ta a ɗora ta hannu. Dalilan ba na banza ba ne. Giyar hannu kowane bakanike ya san cikinta da bayanta, kuma idan batir ya mutu, yara huɗu sun isa su tura mota ta tashi. Otomatik kuwa ko gari guda ya taru ba za ta tashi da turi ba, saboda famfon man da ke ba ta ƙarfi inji ne ke juya shi, kuma muddin inji na kwance babu abin da ya haɗa tayoyi da shi. Duk da haka an samu bakanike a Kano da ya karɓi aikin. Aka sayo giya a kasuwar Ƙofar Ruwa, wadda aka ciro daga wata 505 da ta gama zamaninta. Giyar kamfanin ZF na Jamus ce, mai hawa uku, kuma da yake 504 da 505 sun yi tarayya a inji mai lita 2, bakinta ya zauna a jikin injin Kawu ba da wata dambe ba. Aka cire feda ɗaya, aka bar biyu. Lokacin hunturu ne. Duk tsawon sanyin nan motar ba ta yi ko atishawa ba, Kawu ya riƙa zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya har Ajingi da Toranke yana godiya ga Allah. Sai da bazara ta kankama ciwon ya bayyana.

Ni na ba da shawarar a kai ta wurin wani dattijon bakanike a Gaya, wanda ya tsufa a kan Peugeot, yaransa na kiran sa Oga. Abin da ya fara burge ni da shi shi ne bai buɗe bonet ba sai da ya gama tambaya.

"Malam, idan ta fara, injin shiru yake yi ko kuka yake ƙarawa?"

"Ƙarawa yake yi."

"Allurar zafi fa?"

"Tana tsakiya, ba ta gusawa."

"To ku sauke zargi daga kan inji. Injin da fetur ya yanke masa ko wuta ta gaza, shaƙewa yake yi, ba ya ihu. Naku yana ba da ƙarfi, a hanya ƙarfin ke zubewa kafin ya kai taya."

Da wannan magana ɗaya ya kore fulogi da kafireto da famfon fetur, waɗanda aka riga aka kashe wa kuɗi a banza. Ya sa aka kira jikan Kawu, yaron da ke wanke motar kullum, ya ce ya nuna masa yadda yake duba man giya. Yaron ya zaro geji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna: mai ya kai layin sama. Oga ya ce madalla, amma inji a kashe yake. Ya sa aka tayar da motar a wuri mai daidai, aka bar ta ta ɗumama, ya bi da sandar giya kowane matsayi ya dawo da ita P, sannan ya zaro gejin inji na aiki. Man da ƙyar ya taɓa bakin ƙarfen. Yaron ba shi da laifi, ya duba ne yadda ake duba baƙin mai. Idan inji ya kwana a kashe, man da ke sassan giyar yakan gangaro ƙasa ya taru, sai geji ya nuna cika alhali da saura.

Kawu ya yi hamdala, yana ganin an kama ɓarawo. Oga bai yi murna ba. Ya shafa man a farar takarda. Sabon man otomatik ja ne garau, wannan kuwa ya koma kalar shayi, yana warin ƙauri.

"Za mu canza shi, mu cika daidai," in ji shi. "Amma ƙarancin mai da safe ya fi nuna hali, don mai idan ya ji zafi kumbura yake yi ya hau. Taku da safe lafiya take. Sannan ƙarancin nan bai kai ya ƙona mai haka ba. Akwai abin da ke dafa shi."

Juma'ar da ta biyo baya motar ta tsaya a gindin tsamiya kamar yadda ta saba.

Da aka dawo da ita, sai Oga ya karɓi makulli ya ce in shiga mu zaga gari. Bai yi gudu ba. Ya kasa kunne kawai. Tun ba mu wuce gidaje kaɗan ba giyar ta shiga ta biyu, nan da nan ta faɗa ta uku, mota na tafiyar da keke zai iya bin ta. Ya taka totur har ƙasa, ta yi jinkiri kafin ta amsa. Ya girgiza kai ya juyo.

Giyar wancan zamani ba ta da kwamfuta. Abu biyu take saurare kafin ta yanke shawarar canzawa. Na farko wani ɗan ƙarfe ne a bayanta da kanikawa ke kira gwamna, wanda ke juyawa tare da furofela yana faɗa mata gudun mota. Na biyu waya ce da ta taso daga jikin kafireto ta shiga cikinta, tana faɗa mata zurfin da ƙafar direba ta yi a kan totur. Gwamna na tura ta sama, waya na riƙe ta ƙasa, inda suka daidaita nan take canzawa. Wayar tana da wani aikin da mutane da yawa ba su sani ba: ita ke ƙara matsin man da ke damƙe faifan kulocin da ke ciki. Idan direba ya taka da ƙarfi, dole damƙar ta yi ƙarfi, in ba haka ba faifan su riƙa zamewa a kan juna. To kafireton Kawu na motar giyar hannu ne, ba a yi masa wurin maƙala wannan waya ba. Da aka leƙa, sai ga ta an ɗaure da wayar ƙarfe a jikin sandar totur, ta saki tana lilo. A wurin giyar, Kawu bai taɓa taka totur da gaske ba tun ranar da aka ɗora ta.

Aka auna, aka zana a kwali, aka kai wa mai walda ya yanko ƙarfe ya lanƙwasa mariƙi. Ina tsaye ina kallon tartsatsi na tuna cewa labarin kaka da kakanni ya ce daga Gaya maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala. Sana'ar juya ƙarfe ba baƙuwa ba ce a garin nan. Aka ɗaura mariƙin, aka ja wayar aka saita ta. Motar ta canza hali nan take, tana riƙe giya har inda ya dace, tana shiga ta gaba da kuzari.

A wannan karon ta wuce tsamiya. Kawu ya ce har ya fara murmushi, sai can gaba, a fili fetal inda ko inuwar tsuntsu babu, ta sake komawa jan ciki. Ya sha rana a ranar, ya dawo ransa a ɓace. Oga kuwa da ya ji labari sai fuskarsa ta washe.

"Ranku ya daɗe, yau ta yi mana magana. Da wurin ne, da ba ta gusa ba. Mun rage mata wahala kaɗan, ta ƙara tafiya kaɗan. Ashe wani abu ne ke taruwa a hankali, idan ya cika ta faɗi, idan kun yi sallah ya sauka. Juma'a mai zuwa da ni za a je kasuwa."

Muka tafi mu uku. Da safe muka ratsa rairayin nan salin alin. Bayan Juma'a Oga ya tsaya a kan sai an loda kaya daidai yadda aka saba, kada a rage ko buhu ɗaya. Watan Afrilu ne, irin ranakun da zafi ke taɓa digiri 40 a ƙasar Kano, kwalta na walƙiya. Daf da inda za a sauka daga titi ya ce a tsaya. Ya kwanta ya miƙa hannu ya taɓa farantin da ke ƙasan giyar, inda mai ke taruwa, ya janye da sauri, ya ce da zafi amma na aiki ne. Muka shiga rairayi. Tayoyin baya suka nutse saboda nauyi, Kawu ya ƙara taka totur, inji ya ɗaga murya, gudu bai ƙaru ba. Muna cikin haka warin ƙaurin nan ya fara shigowa ta ƙasa. Da ta fara jan ciki Oga ya ce kada a kashe. Ya fita da butar Kawu, ya kwanta a kan rairayi mai zafi, ya yarfa ruwa a jikin farantin. Ruwan ya yi cuuu, ya tashi tururi.

"Malam, ku dubi allurarku."

"Tana tsakiya."

"Ruwan inji take aunawa. Ba wanda ya ba ta labarin giya."

Ruwa ba ya tafasa a jikin ƙarfe sai ƙarfen ya haura digiri 100. Man otomatik ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80, idan kuma ya haura 120 ya daɗe a can sai ya fara lalacewa. Tun kafin ya ƙone yakan tsinke ya zama ruwa-ruwa, ya riƙa sulalewa ta gefen robobin da suka tsufa, matsi ya faɗi, faifan kuloci su saki. Shi ke nan inji na ihu mota na tsaye. Rabin sa'ar sallah da lazimi ta isa man ya huce ya yi kauri, damƙa ta dawo.

Daga ina zafin ke fitowa? A nan ne Oga ya zauna a gindin taya ya yi mana karatu, kuma a nan ne na gane abin da ya raba giyar nan da ta hannu tun daga tushe. A motar giyar hannu, idan ka saki kuloci, ƙarfe ya kama ƙarfe, inji da taya sun zama abu ɗaya. A otomatik ba haka ba ne. Tsakanin inji da giya akwai wani rufaffen kasko cike da mai, kanikawa na ce masa kwanbata. A cikinsa fukafukai ne kashi biyu suna fuskantar juna ba su taɓa juna ba, da wasu ƙanana a tsakiya masu juya akalar man. Idan mace ta murza maburgi a tukunyar miya, miyar kanta takan ɗauki juyi ta kwashi duk abin da ke cikinta. Haka fukafukan ɓangaren inji ke murza mai, man ya kwashi na ɓangaren giya. Wani injiniyan Jamus, Hermann Föttinger, shi ya fito da dabarar a 1905 domin jiragen ruwa, daga baya masu ƙera motoci a Amurka suka ɗauke ta. Ita ce ta sa mota ke iya tsayawa cik a cikin giya inji bai mutu ba, ita ce ta 'yantar da gwiwar Kawu. Amma tana da farashi. Muddin inji na jan mota, ɓangaren inji ya fi ɓangaren giya saurin juyawa, kuma duk ƙarfin da ya ɓace a tsakaninsu zafi yake zama a cikin man. A kan kwalta, mota na gudu, bambancin kaɗan ne. A cikin rairayi, da kaya, inji na juyawa da ƙarfi taya na jan ƙafa, bambancin ya yi yawa, kwanbata ta koma murhu.

Na ce, "To Oga, ashe direbobin tasha sun yi gaskiya ke nan?"

"A'a. Waɗanda suka ƙera ta sun san da zafin. Sun yi masa hanyar fita. Ita za mu nema."

Bututu biyu siraru ne ke fita daga jikin giyar. Ɗaya na kai mai mai zafi gaba, ɗaya na dawo da shi bayan ya huce. A motar da aka haifa da otomatik, bututun kan shiga ƙasan lagireto, inda aka saka wani ɗan ɗaki na dabam da man ke ratsawa ruwa na ɗauke masa zafi ba tare da sun gauraya ba. Oga ya ga bututun tun ranar farko, ya ga sun nufi gaba, kuma Kawu ya gaya masa an sa sabon lagireto lokacin aikin. Ƙarshensu ne bai gani ba, domin tun shekaru da yawa Kawu ya sa an ɗaure wani faffaɗan faranti na ƙarfe a ƙasan inji saboda duwatsu da kututture, ya rufe wurin ruf. Washegari aka hau da motar kan rami, yara suka kwance farantin, Oga ya haska tocila, ya kira Kawu ya ce ya sauko a hankali ya gani da idonsa.

Bututun biyu sun zo har gindin lagireto, sai aka haɗa bakinsu da ɗan guntun tiyo mai lanƙwasa. Lagireton sabo ne da gaske, amma na motar giyar hannu ne, irin wanda ya cika kasuwa, babu ƙofar da mai zai shiga. Man na fita da zafinsa, ya yi kwana, ya koma da zafinsa.

Daga nan sauran tambayoyin suka warware kansu. Dogayen bututun ƙarfen nan da farantin ƙasan giya suna ɗan shan iska idan mota na gudu, kuma a lokacin hunturu wannan ɗan sanyin ya wadatar, shi ya sa watannin farko suka wuce lafiya. Hanyar zuwa da ta dawowa kuwa hanya ɗaya ce, jerin ne ya bambanta. Da safe rairayi ne farko: man ya kwana ya yi sanyi, mota ba kaya, kafin ya ɗumama an hau kwalta iska ta karɓe shi. Da yamma kwalta ce farko: man ya riga ya yi zafi a doguwar tafiya cikin rana, sannan a sauka da shi cikin rairayi da buhuna, a daidai lokacin da gudu ya ragu iska ta ɗauke. Tsamiyar tana tsaye ne a kusan ƙarshen yashi mafi zurfi a hanyar, kuma ita kaɗai ce inuwa a wurin. Ko wane direba ne, idan mota ta fara nauyi, can zai lallaɓa ya kai ta.

Ban ga dalilin zagin bakaniken farko ba, Oga ma bai zage shi ba. Ya ce aikin da ya fi wuya mutumin ya yi shi da kyau. Ya zaunar da kwanbata har ta shige gurbinta, wanda idan aka kuskure famfo ke fashewa tun tashin farko. Furofelar 504 tana cikin wani dogon bututun ƙarfe da ya haɗa bayan giya da aksul, tsawon sai ya zo daidai, kuma ya kawo shi daidai. Inda ya gaza shi ne ya ɗauki otomatik a matsayin akwati ɗaya da za a sauke wani a ɗora shi, kamar yadda giyar hannu take. Ita kuwa jijiyoyinta sun kai kafireto, sun kai lagireto, sun kai wayoyin wuta. A ganina yawancin baƙin jinin da otomatik ta yi a ƙauyukanmu daga irin wannan rabin aiki ya samo asali, da kuma zuba mata man da ba nata ba. Abin yana damuna, saboda waɗanda suka fi buƙatar ta ba masu neman jin daɗi ba ne. Dattawa ne irin Kawu, da waɗanda suka yi haɗari, da dubban 'yan'uwanmu da shan inna ta taɓa wa ƙafa kafin a tabbatar a 2020 cewa asalin nau'in ƙwayar cutar ya bar Afirka. Wanda ƙafarsa ta dama ke aiki zai iya tuƙa mota mai feda biyu ya nemi abincinsa. Idan aka ce masa otomatik ba ta ƙauye ba ce, an rufe masa ƙofar da take a buɗe.

Saura fargaba ɗaya: ko zafin ya riga ya cinye giyar? Oga ya kwance farantin ƙasa, muka taru muna kallo. Idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙaƙen ɓawon faifai, sai dai a sake neman wata. Ya tsiyaye man a hankali, ya shafa yatsa a gindin farantin, ya ɗago. Laka ce mai laushi, toka-toka, babu tsakuwa a ciki. Ya ce faifan sun ci wuya, sun rage kwana, amma da sauransu. Ya wanke rariyar da ke tace man ya mayar.

Bai nemi lagireton otomatik ba. Ya ce tsohon da za a samu, idan ɗakin cikinsa ya huje, ruwa zai shiga giya, kuma wannan ya fi zafi saurin kisa. Ya aika aka samo ɗan ƙaramin lagireton mai, mai zaman kansa, ya ɗaure shi a gaban na ruwa inda fankar inji za ta riƙa jan iska ta cikinsa ko mota na tafiyar hawainiya. Ya jawo bututun biyu zuwa gare shi da tiyo mai jure zafi da matsi. Farantin kariya aka huhhuda shi aka mayar. Ya zuba sabon mai, ya ce bayan 'yan makonni a dawo a sake, domin idan aka kwance ƙasa wani kaso ne kawai ke fita, sauran na maƙale cikin kwanbata, sai an maimaita kafin tsohon ya ƙare.

Sannan ya juya kan direban. "Malam, lambobin nan 2 da 1 da ke ƙasan D ba ado ba ne. Kafin ku sauka daga kwalta ku ja ta zuwa 2, idan yashi ya yi zurfi ku kai ta 1. Inji zai juya da sauƙi, kwanbata ta daina dambe. Idan kuma wata rana ta mutu a hanya, kada ku bari a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin baya na ƙasa. Inji a kashe, famfo a kashe, cikinta zai juya ba mai."

Kawu, wanda ya shekara talatin yana ba wasu darasi, ya sa aka ɗauko masa biro ya rubuta a bayan katin ɗaurin aure.

Juma'ar gwaji an loda buhuna har da ƙari. A ƙofar gida, inji na aiki, Oga ya sa hannu ta gaban lagireto ya taɓa bututun da ke shiga, ya janye. Ya taɓa mai fitowa, ya riƙe shi. Ya yarfa ruwa a farantin ƙasa, ruwan ya gangara ya ɗiga a rairayi.

Muna shirin tafiya ne ya ce a dakata, akwai abin da ya lura da shi tun a gareji. Ya sa Kawu ya kashe motar, ya bar sanda a kan D, ya danne birki da kyau, ya murɗa makulli. Inji ya tashi, motar ta yunƙura gaba. Giyar tana da wani makunni a gefenta da aka yi domin hana hakan, amma ba a taɓa haɗa wayoyinsa ba, an bar su a naɗe da salatif. A gidan da jikoki ke wasa a gaban mota, Oga ya ce wannan ba zai kwana biyu ba. Ranar Asabar ya turo mai wayarin har Balan a kan babur. Daga ranar motar ba ta amsa makulli sai sanda na kan P ko N, kuma fitilar ribas, wadda ta daina kamawa tun da aka sauke tsohuwar giya, ta dawo aiki, don ashe ta cikin makunnin nan wutarta ke bi.